Ciwon Suga na Juna Biyu da Babban Jariri: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Za a Haihu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin matan da aka ce musu suna da suga a goyon ciki, sannan sikanin ya nuna yaron ya yi girma. Wasu kuma daga mazajensu ne da iyayensu. Bayani ne na gaba ɗaya. Shawarar ƙarshe tana tsakaninki da likitan da ke riƙe da katinki.

Ban taɓa yin suga ba. Ta ina ya same ni yanzu?

Mabiyiya ce sila. Daga tsakiyar ciki zuwa sama tana fitar da wasu sinadarai da ke rage ƙarfin insulin, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi tsoka da sauran sassan jiki. Jikin yawancin mata yakan ƙara yawan insulin ya cike giɓin. Wadda nata ya kasa, sai suga ya taru mata a jini. Ƙiba, da yawan shekaru, da samun mai suga a iyaye ko 'yan'uwa, da taɓa haihuwar ƙaton jariri duk suna ƙara yiwuwar hakan, amma ana ganinsa har a siririyar yarinya mai cikin fari.

Yawanci ba ya nuna alama, shi ya sa ake gwaji tsakanin sati 24 da 28. Ki zo da safe ba ki karya ba, a ɗebi jini, a ba ki ruwan da aka narka gulukos giram 75 a ciki, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da kuma bayan awa biyu. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013, idan na farko ya kai 5.1 mmol/L, ko na biyu 10.0, ko na uku 8.5, ɗaya daga ciki ya isa a ce kina da shi.

Shi ne "zaƙi" da iyayenmu ke bayar da magani a kansa?

A'a. Zaƙin da ake cewa yana taruwa ya tare hanya ya jawo doguwar naƙuda ba shi ake aunawa a jini ba, kuma jiƙe-jiƙen da ake ɗirka wa mai ciki a wata na takwas da na tara ba sa maye gurbin gwaji ko magani. Inda matsalar take shi ne mace ta ajiye allurarta ta koma jiƙo, ko ta haɗa su biyun ba da sanin kowa ba. Idan kina shan wani abu na gida, ki faɗa wa likita ko nas. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Me ya haɗa sugana da girman yaron?

Suga yana ratsa mabiyiya ya isa ga yaro, insulin ɗinki kuwa ba ya ratsawa. Don haka yaron ne ke samar da nasa insulin mai yawa, shi kuma insulin a jikin ɗan tayi girma yake sawa, yana mayar da rarar suga kitse. Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Jørgen Pedersen, ya bayyana wannan tun a shekarun 1950. Babban binciken HAPO da aka wallafa a 2008, wanda ya bi mata sama da 23,000 a ƙasashe 9, ya nuna cewa nauyin jariri yana hawa ne sannu a hankali tare da hawan sugan uwa, ko da sugan bai kai na cikakken ciwo ba.

Abin lura shi ne inda kitsen ke zama: kafaɗu, ƙirji da ciki. Kan yaron bai cika fin na sauran yara ba. Shi ya sa jariri mai kilo 4 na mace mai suga ba ɗaya yake da mai kilo 4 na doguwar mace marar suga ba, kuma daga nan tsoron maƙalewar kafaɗa, wanda za a yi bayaninsa a ƙasa, ya samo asali.

Kilo nawa ne ake cewa jariri ya yi girma?

Yawancin asibitoci suna farawa daga kilo 4, wasu daga 4.5. Kafin ciki ya cika kuma ana kwatanta shi da sa'anninsa: idan ya fi 90 cikin yara 100 masu sati ɗaya da shi nauyi, sai a rubuta cewa ya fi ƙarfin satinsa.

Sikanin ya ce kilo 4.2. In yarda da wannan lamba?

Ki riƙe ta, amma da hannu ɗaya. Sikanin ba sikeli ba ne. Mai yi yana auna kewayen kai, da kewayen ciki, da tsawon ƙashin cinya, sai na'ura ta haɗa lissafi ta fitar da ƙiyasi, kamar yadda dillali a kara ke taɓa gadon bayan rago ya faɗi nauyinsa: gwani yakan kusanta, amma ba ya rantsuwa. A ƙarshen ciki kuskuren yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100, sama ko ƙasa, kuma ya fi yawa a manyan yara. Wato 4.2 ɗin nan tana iya zama 3.6, tana iya zama 4.8.

A wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, wanda za a sake ambata a ƙasa, fiye da rabin yaran da sikanin ya ce sun fi ƙarfin satinsu an haife su ba su kai hakan ba. Awon tef da ake yi a ranar awo ma ya fi haka rauni, don yawan ruwa a mahaifa, wanda shi ma suga ke jawowa, yana iya tura ciki gaba alhali yaron matsakaici ne. Idan za a yanke shawarar aiki a kan lamba ɗaya tak da aka samo daga shagon sikanin na bakin titi, ya dace a maimaita a wurin ƙwararre. Awo biyu ko uku da aka yi da tazarar sati uku ko huɗu sun fi guda ɗaya faɗin gaskiya.

To mene ne ainihin abin tsoron?

Maƙalewar kafaɗa. Kai ya fito, sai kafaɗar gaba ta sarƙe a bayan ƙashin mara, jiki ya ƙi biyowa. A wannan hali cibiya tana iya matsewa, ƙirji kuma ba shi da wurin buɗewa, don haka mintuna ake da su. A alƙaluman kwalejin likitocin mata ta Birtaniya, abin yana faruwa a haihuwa 6 zuwa 7 cikin 1,000, amma ga jaririn mai suga haɗarin ya ninka sau 2 zuwa 4 a kan jaririn da suke nauyi ɗaya. Kusan rabin waɗanda abin ke samu ba su ma kai kilo 4 ba, wato ba a iya hango shi da tabbas.

Yawancin yaran suna fitowa lafiya lau. Wasu sukan samu rauni a jijiyoyin da suka sauko daga wuya zuwa hannu, a ga hannu ɗaya ya saki ba ya ɗagawa. Mafi yawan wannan yana warkewa cikin watanni, musamman da gashin ƙashi. Ƙasa da 1 cikin 10 ne ke zama na dindindin. Akwai karayar ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa, ita tana ɗorewa da kanta. Mafi muni, kuma mafi ƙaranci, shi ne ƙwaƙwalwa ta rasa iska ko a rasa yaron. Uwa kuma tana iya samun mummunar yagewa ko zubar jini.

Idan kafaɗar ta maƙale, me ake yi?

Za ki ga ɗaki ya cika da mutane nan take, kada wannan ya firgita ki, haka tsarin yake. Za a ce ki daina yunƙuri. A kwantar da ke a miƙe ba matashi, mutum biyu su kama ƙafafunki su naɗe cinyoyinki har su taɓo cikinki, wani kuma ya danna daidai saman ƙashin mara don ya tura kafaɗar ta zame. Naɗe ƙafafun nan shi ake kira dabarar McRoberts, kuma idan aka haɗa ta da dannawar tana warware kusan 9 cikin 10. Idan ta ƙi, likita ko ungozoma ta sa hannu ta juya yaron ko ta fara fito da hannunsa na baya, wani lokaci bayan an yi ƙari, ko a ce ki juya ki durƙusa a kan hannu da gwiwa.

Abu biyu ne aka haramta: danna saman ciki da ƙarfi, da fizgar kan yaro. Na farko yana ƙara cusa kafaɗar har ya iya fasa mahaifa, na biyu shi ke tsinka jijiyar hannu. Kuma su biyun ne daidai abin da hannu ke kaiwa gare shi idan hankali ya tashi a ɗaki a gida. Wannan kaɗai ya isa dalilin amsar da za a bayar a ƙasa a kan haihuwar gida.

Ke nan dole sai an yi mini aiki?

Ba dole ba ne. Suga kaɗai ba dalilin tiyata ba ne, kuma yawancin masu shi da kansu suke haihuwa. Likitocin mata na Amurka da na Birtaniya sun yi daidai a kan lamba ɗaya: idan mace tana da suga kuma ƙiyasin nauyin ya kai kilo 4.5, a zauna da ita a yi maganar aiki tun kafin naƙuda. Ga marar suga, Amurkawa sun ɗaga lambar zuwa kilo 5. Ko a 4.5 ɗin ma shawara ce, ba hukunci ba. Wani lissafi da aka wallafa a 1996 ya ƙiyasta cewa sai an yi wa masu suga 443 aiki kafin a kare jariri ɗaya daga shanyewar hannu ta dindindin.

Aikin ma da nasa kuɗin fansa. Akwai zubar jini, akwai ciwo ya ƙi warkewa da wuri, wanda ya fi damun masu suga da masu ƙiba, sannan akwai tabon da ke bin kowane ciki na gaba. Ga mace mai shekara 22 da ke fatan 'ya'ya da yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don yawan aiki yana ƙara haɗarin mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa ko ta manne ta ƙi fita. Ga mai shekara 39 da ke ganin wannan ne auta, lissafin daban ne.

Tsakanin kilo 4 da 4.5 ne ake ainihin muhawara, kuma a nan tarihinki ke magana: yadda kika haihu a baya, yadda sugan ya zauna, da abin da asibitin ke iya yi da ƙarfe biyun dare. Ra'ayina shi ne wannan na ƙarshe ya fi komai nauyi. Gwada naƙuda a inda likita da ɗakin tiyata da jini suke a shirye abu ne mai ma'ana. Gwada ta a inda sai an nemo mota a tafi wani gari idan ta ƙi, caca ce. Kuma idan an fara naƙudar ta tsaya cik da babban yaro, komawa aiki a kan lokaci ba gazawa ba ce. Tun farko yana cikin shirin.

A wane sati ya kamata in haihu?

Ya danganta da yadda ake riƙe sugan. Wadda abinci da motsa jiki kaɗai suka ishe ta, likitocin Amurka sun ce kada a taɓa ta kafin sati 39, kuma ana iya jira har sati 40 da kwana 6. Hukumar NICE ta Birtaniya ita ma ta ce kada a wuce sati 40 da kwana 6. Wadda ke shan metfomin ko allurar insulin kuma sugan ya daidaita, ana so ta haihu a cikin sati na 39. Wadda sugan ya ƙi jin magani, ko hawan jini ya shigo, ko motsin yaro ya ragu, ana iya saukowa zuwa sati 37 ko 38. Wadda kuma dama tana da suga tun kafin ciki, nata tsarin ya fi wannan tsauri.

Dalilin rashin barin ciki ya zarce shi ne yaron yana ci gaba da ƙara nauyi, sannan haɗarin mutuwarsa a ciki yana hawa. Dalilin rashin gaggawa kuma shi ne huhun jaririn mai suga yakan yi jinkirin nuna. Za ki ga ƙato ɓul-ɓul amma yana nishi kamar bakwaini.

Ni da watanni nake lissafi, kuma ban fara awo ba sai a wata na bakwai. Ya za a yi?

Wannan tambaya ta fi yadda ake ɗaukarta muhimmanci, don duk lambobin da ke amsar da ta gabata sun dogara ne da sanin satin. Sati 40 kwana 280 ne daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe. Sikanin da aka yi a wata uku na farko yana faɗin shekarun ciki da kuskuren da bai wuce mako guda ba. Wanda aka fara yi a wata na bakwai ko na takwas yana iya kaucewa da sati uku, kuma da yake da girman yaro yake lissafi, babban yaro yakan sa ya ƙara wa cikin kwanaki. Sai a ɗauka sati 38 ne alhali 35 ne.

Ki tattaro duk takardun sikanin da kika taɓa yi, ko na ƙaramin asibiti ne, don mafi tsufa a cikinsu shi ne abin dogaro. Ki kuma yi ƙoƙarin tuna al'adarki ta ƙarshe da wani abu sananne: kafin azumi ne, ko bayan babbar salla, ko satin bikin wance. Idan duk da haka satin bai tabbata ba, likita mai hankali ba zai yi saurin tayar da naƙuda don girma kaɗai ba, sai dai ya ƙara sa ido.

Me zai hana a tayar da naƙuda da wuri kafin ya ƙara girma?

An gwada wannan. A 2015 mujallar Lancet ta wallafa binciken da aka yi a Faransa, Suwizalan da Beljiyam a kan mata sama da 800 masu manyan yara. Waɗanda aka tayar wa naƙuda tsakanin sati 37 da ƙarshen 38, kashi 2 cikin 100 ne suka samu maƙalewar kafaɗa mai tsanani ko raunin da ke biyo ta, waɗanda aka jira kuma kashi 6, kuma yawan tiyata bai ƙaru ba. A 2025 aka fitar da na Birtaniya mai mata kusan 2,900, inda aka tayar da naƙuda a farkon sati 38. Bambancin ya fito ƙarami, 2.3 da 3.1 cikin 100, wani ɓangare saboda da yawa daga cikin waɗanda aka ce su jira sun riga sun haihu da wuri.

Sai dai na farkon bai ɗauki masu allurar insulin ba, na biyun kuma bai ɗauki masu shan maganin suga ba, don haka ba a kwafe sakamakon a liƙa wa kowa. Abin da za a iya cewa: tayar da naƙuda wajen sati 38 zuwa 39 zaɓi ne mai hujja idan yaron babba ne kuma satin ya tabbata, yana rage haɗarin kaɗan, kuma abin da ake biya shi ne ƙarin yiwuwar ciwon shawara ga jariri da daɗewa a gadon asibiti.

Yaya ake tayar da naƙudar? Gaskiya ne ta fi ta Allah da annabi zafi?

Ana fara duba bakin mahaifa. Idan bai yi laushi ba, a sa ƙwaya ta ƙasa ko a ba ki ta sha kaɗan-kaɗan, ko a zura siririyar roba mai balan-balan a hura ta da ruwa ta riƙa buɗe shi a hankali. Wannan mataki yana iya cin yini guda ko biyu, don haka ki zo da haƙuri da caja. Idan ya buɗe, a fasa faya, a ɗaura ruwan naƙuda ana ƙara ɗigonsa da lissafi ana sauraron bugun zuciyar yaro. Mata da yawa suna cewa ta fi zuwa da ƙarfi a lokaci ɗaya. Ki tambayi abin rage zafi da suke da shi.

Waɗannan magunguna ne dai ake sayarwa a kemis ana yi wa mata allurarsu a gida da sunan taimako. Da babban yaro a ciki, wannan hanya ce ta fashewar mahaifa. Kada ki yarda.

Haihuwata biyar duk a gida, kuma manya nake haifa. Me ya canza?

Ba ke kaɗai ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yammacin Najeriya haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai 20 cikin 100 ba. Kuma gaskiya ne cewa haihuwar manyan yara lafiya a baya alama ce mai kyau game da ƙugunki. Amma abu uku sun canza. Siffar yaron mai suga daban ce, kamar yadda aka bayyana a sama. Mahaifar da ta haihu sau da yawa kuma ta ɗauki ƙaton yaro takan yi sanyin tsukewa bayan haihuwa, jini ya ɓalle. Na uku, sugan jaririn yana iya faɗuwa a awannin farko, kuma wannan ba a gane shi da ido sai ya yi nisa.

Doguwar naƙudar da aka bari a ɗaki ana jiran gari ya waye ita ce kuma ke kai mata ga yoyon fitsari.

An taɓa yi mini aiki, ko kafaɗa ta taɓa maƙalewa a haihuwar baya. Zan iya haihuwa da kaina?

Aiki ɗaya a baya ba ya rufe ƙofa, ko da akwai suga. Haɗarin tabon ya buɗe a naƙuda kusan 1 ne cikin 200, yana kuma ninkawa idan da magani aka tayar da ita, sannan babban yaro yana rage yiwuwar a yi nasara. Idan an haɗa tabo, da suga, da ƙiyasin da ya haura kilo 4, likitoci da yawa za su karkata ga aiki. Wadda kafaɗa ta taɓa maƙale mata, yiwuwar ya maimaitu kusan 1 ne cikin 10, kuma idan wancan yaron ya samu rauni, neman aiki a wannan karon ba tsoro ba ne. Ki faɗi wannan tarihi da bakinki, kada ki ɗauka yana rubuce a kati.

Idan na rage cin abinci sosai, yaron zai daina girma?

Yunwa ba magani ba ce, tana ma iya cutar da ku duka biyu, balle ga mai allurar insulin. Abin da ke aiki shi ne daidaita suga: ƙasa da 5.3 da safe kafin karyawa, ƙasa da 7.8 awa ɗaya bayan cin abinci. Idan na'urarki da manyan lambobi take nunawa, 95 da 140 ke nan. A wani bincike na Ostireliya da aka wallafa a 2005, kula da sugan ya sauko da munanan matsalolin jarirai daga kashi 4 zuwa 1 cikin 100.

A aikace: malmalar tuwo ta ragu, miyar ganye ta ƙaru, wake da ƙwai da kifi da zogale su samu wuri, a raba abincin kashi-kashi maimakon a cika ciki sau biyu. Lemon kwalba, da zoɓo ko kunun da aka zuba wa suga, da shayi mai kauri da burodi su ne suka fi harba lamba sama. Dabinon da ake cewa a yawaita a watan haihuwa don sauƙin naƙuda shi ma cike yake da suga, ki auna bayan kin ci ki gani da idonki. Tafiyar minti 20 ko 30 bayan abinci tana taimakawa ƙwarai. Idan azumi ya riske ki a wannan hali, likitocin suga suna ba da shawarar a ajiye, kuma shari'a ta yi wa mai ciki rangwame. Malaminku zai yi bayanin ramuwa.

Me zai faru da sugana ranar haihuwa?

Za a riƙa huda yatsanki kusan kowace awa, ana so ya zauna tsakanin 4 da 7. Idan ya haura, a ɗaura insulin ta ruwa. Idan aiki ne aka tsara, ki tambaya tun kwana biyu kafin ranar yadda za ki yi da maganin dare da na safe, tunda za a hana ki ci. Idan kuma aka yi miki allurar nunar da huhun jariri, ki sani tana tayar da suga na 'yan kwanaki, sai an ƙara sa ido.

Shi kuma jaririn, me za a duba?

Da an yanke cibiya sugan da ke zuwa masa daga gare ki ya tsaya, amma insulin ɗinsa yana nan da yawa, sai sugansa ya faɗi. Maganin farko nono ne: a sa shi a ƙirjinki fata da fata, ya kama cikin rabin awa, sannan kowace awa 2 zuwa 3 ko da sai an tashe shi. Dakashin nan mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ne daidai abin da yake buƙata; ruwan zafi ko jiƙo ba sa tsayawa a madadinsa. Za a huda diddigensa a auna suga awa 2 zuwa 4 bayan haihuwa, kuma bai kamata a sallame ku kafin awa 24 ba.

Ki kira nas idan kin ga yana karkarwa, ko ya saki jiki, ko ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya yi sauri da gurnani. Bayan kun koma gida, ki riƙa duba idonsa a hasken rana saboda shawara.

Maigida da Hajiyarsu sun ce ba a yi wa matan gidansu aiki. Ya zan yi?

Ki roƙi maigidan ya raka ki awo sau ɗaya ya ji daga bakin likita, idan da hali a tafi da Hajiya ma. Sau da yawa abin da ke bayan ƙin amincewar kuɗi ne ko tsoro, ba taurin kai ba. A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka tantance. Ku tambaya ko naku yana ciki. Ku san rukunin jininki, ku tanadi masu bayarwa biyu, ku san motar da za ta ɗauke ki da dare, kuma a amince tun yanzu wa zai sa hannu idan maigida ba ya gari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ƙa'idar aikin likita, yardar mace baliga mai hankali ita ce asali, kuma haƙƙinta ne a gaya mata gaskiya. Shari'ar da ta fi shahara a kan wannan daga irin matsalarki ta taso. Nadine Montgomery, 'yar Sikotlan, gajeriya ce mai ciwon suga, ta haihu a 1999 ba tare da an gaya mata cewa haɗarin maƙalewar kafaɗa a wurinta ya kai kashi 9 zuwa 10 cikin 100 ba. Kafaɗar ta maƙale, ɗanta ya samu naƙasar ƙwaƙwalwa. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa wajibi ne likita ya bayyana wa majiyyaci duk haɗarin da mai hankali zai so ya sani, da sauran zaɓin da ke akwai. Hukuncin na can ne, amma tambayoyin naki ne a ko'ina: nawa ne ƙiyasin, me zai faru idan na jira, kuma wa zai kasance a ɗakin haihuwa da dare?

Wace alama ce zan gani in tafi asibiti ba tare da jiran ranar awo ba?

Motsin yaro ya ragu ko ya canza, faya ta fashe ko da ba ciwo, jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi ko kumburin fuska, amai ya hana ki ci alhali kina kan insulin, ko suga ya yi ta hawa duk da magani. A kan motsi musamman, kada ki kwana kina jira.

Bayan na haihu, shi ke nan na rabu da suga?

Ga mafi yawa yana sauka da fitar mabiyiya, kuma akan tsayar da magani nan take bayan an auna. Amma sai kin koma gwaji tsakanin sati 6 da 12, wato ki haɗa shi da fitar arba'in don kada ki manta, sannan ki riƙa aunawa duk shekara. Matan da suka yi sugan juna biyu sun fi sauran mata shiga haɗarin cikakken ciwon suga kusan ninki goma, kuma shayarwa da rage ƙiba suna rage wannan haɗari.

A lokacin jego a yi hattara da kunun da ake cika wa suga ana ba mai jego kofi bayan kofi, da kunun kanwa ga wadda ta yi hawan jini. Idan wani cikin ya samu, ki fara awo tun wata na biyu ko na uku, a yi sikanin farko da wuri, ki kuma gaya musu a ranar yankar kati cewa kin yi suga a cikin baya da nauyin da yaron ya zo da shi, don a gwada ki tun kafin sati 24.